Kafin ka ce "na san dalili", me idonka ya gani?

A unguwanninmu na zango, da zarar yara uku ko huɗu sun kwanta da amai da gudawa, kafin la'asar an riga an yanke hukunci. Wani ya ce iska ce, wani ya ce kokon wance ne, wata ma har a jingina mata maita. Mai sana'a ta rasa ciniki da mutunci a kan zato, ciwon kuma yana nan yana cin mutane.

Shi ya sa a ajina nake koya wa yara su raba abu biyu: abin da suka gani, da abin da suke tsammani. "Ƙasa ta jiƙe" gani ne. "An yi ruwa da dare" fassara ce, domin wataƙila bututu ne ya fashe. Nakan ce su leƙa rufin kwano da ganyen bishiya. In a bushe suke, to ba ruwan sama ba ne.

Misalin da na fi ba su shi ne na likita John Snow. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho da ke Landan, ta kashe mutum kusan 500 cikin kwana goma. A lokacin yawancin likitoci sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo ta. Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗiban ruwa, ya tarar yawancinsu daga famfon titin Broad Street suke sha.

Bai tsaya nan ba. Ya nemi abin da zai iya ƙaryata shi. Akwai wani gidan marasa galihu a tsakiyar unguwar mai mutum 535, amma biyar kacal suka mutu. Ashe suna da rijiyarsu. Can kuma a Hampstead, nesa da unguwar, wata mata ta mutu da ciwon. Da ya bincika, sai ga shi kullum ana kai mata ruwan famfon nan saboda daɗinsa take ji. Iska ɗaya ba ta kashe na kusa ba, ruwa ɗaya ya kashe ta nesa. Ranar 8 ga Satumba hukuma ta cire hannun famfon.

Ga mai farawa, matakan huɗu ne. Ka rubuta abin da ka gani, da rana da lokaci, don ƙwaƙwalwa tana ƙari da ragi. Ka ƙirga, kada ka ce "da yawa". Ka kawo dalili aƙalla biyu da za su iya bayyana abin. Sannan ka tambayi kanka: wa ya sha bai kamu ba, wa kuma ya kamu bai sha ba?

Iyaye, wannan ba ya buƙatar ko sisi. A hanyar kasuwa ku tambayi yaro abin da ya gani, sannan ku ce masa, "Yaya aka yi ka sani?" In ya ce "haka ake cewa", ku tura shi ya sake dubawa. Yaron da ya saba da wannan tambaya ba zai yi saurin tura jita-jita a WhatsApp ba, kuma ba zai ɗora wa maƙwabciyarsa laifin da a rijiya yake ba.