Abin Da Ya Sa Labarin Mugu Yake Da Daɗin Ji

A Amurka da Turai akwai wani irin littafi wanda ake ba da labari a cikinsa da zane, hoto bayan hoto, maganar kowane mutum kuwa a rubuce kusa da bakinsa. Taurarin waɗannan littattafai jarumai ne masu ƙarfi ko dabara fiye da ta sauran mutane, kamar Superman wanda ya fara fitowa a 1938, da Batman a 1939. Kowane jarumi yana da abokin gabansa. Na Batman shi ne Joker, mai farar fuska da dariyar ƙeta, wanda aka ƙago a 1940. Abin da za mu duba a wannan takarda shi ne dalilin da ya sa masu karatu da yawa suke son littafin da mugun ne tauraronsa, sa'an nan mu ga inda zancen ya shafi adabinmu.

A 1954 iyaye da hukuma a Amurka suka tsorata, suna ganin littattafan nan za su lalata yara. Sai masu buga su suka yi wa kansu doka, cewa lalle a kowane labari nagari ya rinjayi mugu, kada kuma a zana mai laifi yadda za a ji tausayinsa. Da tafiya ta yi nisa dokar ta yi sanyi, har aka bar ta ɗungum a 2011. Tun kafin nan, a 1988, Alan Moore da Brian Bolland suka fitar da The Killing Joke, inda suka koma ga asalin Joker. Suka nuna shi talaka ne mai sana'ar ba da dariya, ba wanda yake dariya da wasansa. Rana ɗaya matarsa mai ciki ta mutu, shi kuma ya faɗa cikin ruwan guba, ya fito mahaukaci. A 2008 aka buga wani littafin mai suna Joker, wanda wani yaron mugun ne yake ba da labarin.

To, me yake jawo mutane? Dalili na farko harshenmu ya riga ya bayyana shi. Dubi kalmar gagara. Daga cikinta muke samun gagarau da gagara-badau, waɗanda kirari ne na mazaje da sarakuna. Daga cikinta kuma muke samun gagararre, watau wanda ya fi ƙarfin iyaye da hukuma. Saiwa ɗaya ce, reshe ɗaya yabo, ɗaya zargi. Haka dodo: da shi ake tsorata yaro, da shi kuma ake kambama jarumi. Ashe abin da rai yake sha'awa shi ne mutumin da ba a iya tanƙwara shi. Wanda ya wuni yana cewa ranka ya daɗe, in ya ji labarin wanda ba ya durƙusa wa kowa, sai ya ji sanyi a ransa.

Dalili na biyu, nagari halinsa sananne ne, mun san abin da zai yi tun bai yi ba. Mugu kuwa tambaya ce: yaya aka yi ya zama haka? In da ni ne, da yaya? Na uku, tsoro yana da daɗi in yana nesa. Yaron da ya maƙale wa kakarsa ana tatsuniyar Dodo, gobe shi ne zai fara roƙon a sake ta.

Saboda haka wannan sha'awa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Gizo maƙaryaci ne, mai haɗama, mai cutar matarsa Ƙoƙi, amma tatsuniya ba ta armashi sai da shi. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, ba abin da masu karatu suka fi tunawa kamar Malam Zurƙe da irin cutar da suke yi wa juna shi da Alhaji Imam. A fagen waƙa kuwa, ƙasar Zurmi ta ba mu Kassu Zurmi, makaɗin 'yan tauri, wanda yake zuga mazajen da wuƙa ba ta cinsu. Ƙasar Kabi ta ba mu Gambu, wanda aka sani da waƙar ɓarayi. Dubban mutanen da ba su taɓa ɗaukar allurar wani ba sun saurare su, sun yi dariya, sun kwana lafiya.

Amma fa a nan ne ake bukatar lura. Littafin Moore bai tsaya ga ba mu tausayin Joker ba. Ya nuna mana yarinyar da ya harbe, Barbara, wadda ƙafafunta suka shanye. Ya nuna mana ubanta, shugaban 'yan sanda, wanda Joker ya azabtar domin ya tabbatar da cewa baƙar rana guda ta isa ta haukata kowa. Mutumin bai haukace ba, ya ce a kama mai laifi bisa doka. Watau labarin da kansa ya ƙaryata hujjar mugun. Haka Gizo, sau da yawa wayonsa kansa yake komawa.

Mutanen Sakajiki ta ƙasar Ƙaura Namoda, da na Shinkafi da Zurmi, sun san mugu ba a takarda ba. 'Yan bindiga sun kore musu shanu, sun sace musu mutane, sun ɗora wa ƙauyuka haraji kafin a yi noma. Abin ya kai a watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara. Duk da haka ana samun waƙoƙi da hotunan waɗannan mutane suna yawo a wayoyin samari, ana yi musu kirarin da a da ake yi wa mazajen fama. Kalmomin ɗaya ne, sha'awar ma ɗaya ce, amma abu biyu sun ɓace. Babu nisa, gama wanda ake zugawa yana bayan gari. Babu kuma muryar wanda aka zalunta, gama kirari baki ɗaya gare shi.

Shawararmu ga malamai da marubuta ita ce kada su hana yara labarin mugu, domin Amurkawa sun gwada, hani bai kashe sha'awar ba. Abin da ya fi shi ne a koya musu tambaya uku ga kowane labari: wa yake ba da shi, wa aka cuta, ina kuma mugun ya ƙare? Masu zane da masu rubutu na ƙasar nan su ma su ba mu labarin gagararre, tun daga ranar da ya bar kiwo har ranar da ya ɗauki bindiga, amma su sa matar da ya mayar gwauruwa a shafi ɗaya da shi. In an yi haka, mai karatu zai san yadda ƙaya take tsiro ba tare da ya taka ta ba.