Gilifoset: Maganin Ciyawar da Ya Raba Kan Hukumomi

A watan Nuwamban 2023 Tarayyar Turai ta sabunta lasisin gilifoset na shekara goma, har zuwa Disamban 2033. Da ƙyar aka kai ga hakan. Sau biyu ƙasashen ƙungiyar suna kaɗa ƙuri'a ba a samu rinjayen da doka ta tanada ba, Faransa da Jamus suka ƙi ɗaukar ɓangare, sai hukumar zartarwa ta yanke hukunci da kanta.

Kamfanin Monsanto na Amurka ne ya fara sayar da wannan sinadari a 1974 da sunan Roundup. Kasuwarsa ta buɗe sosai daga 1996, lokacin da aka fito da irin waken suya da feshin ba ya kashewa. Da haƙƙin mallakar kamfanin ya ƙare a shekarar 2000, kowa ya shiga sarrafawa, farashi ya karye.

Rigimar ta taso ne a Maris ɗin 2015, da cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon ta ce mai yiwuwa gilifoset yana jawo daji. Kafin shekarar ta ƙare, hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce da wuya. To wa ke da gaskiya? Kowacce tambayarta daban. Cibiyar Liyon ta duba ne ko sinadarin yana iya jawo cutar ko ta halin ƙaƙa. Jan nama ma a rukuni ɗaya da gilifoset ta sa shi. Masu ba da lasisi kuwa suna auna haɗarinsa ne idan an bi ƙa'idar da ke jikin kwalba. Sannan akwai abin da ke sa mutane ɗar-ɗar: kaso mai yawa na binciken da hukumomin ke dogaro da shi, kamfanonin ne ke biyan kuɗinsa.

Kotunan Amurka ba su jira masana sun daidaita ba. A 2018 wata kotu a San Faransisko ta ba wani mai kula da filin makaranta da ya ce maganin ne ya jawo masa daji diyyar dala miliyan 289, kodayake daga baya an zaftare ta. Kamfanin Bayer, wanda ya sayi Monsanto a shekarar, ya amince a 2020 zai biya sama da dala biliyan 10 don kashe ƙararraki.

Mu a nan, tsadar 'yan ƙwadago ce ta tura manomi ga feshi, kuma ba a ga laifinsa ba: abin da mutum goma za su wuni suna yi da fartanya, yaro ɗaya da injin goyo zai gama kafin azahar. Amma ka leƙa gona da farkon damina ka gani. Yaron nan da silifa yake, ba safar hannu, ba takunkumi, ruwan maganin na ɗiga masa a gadon baya. Da murfin kwalba yake awo, ya ƙara kaɗan don ciyawa ta ji jiki. Jarkar da ta ƙare kuma a ɗauraye ta a zuba man gyaɗa. Duk hukuncin da Turai ta yanke cewa maganin ba shi da haɗari, ba da wannan yaron aka yi lissafinsa ba.

Rajistar NAFDAC a jikin kwalba ba ta isa ba. A rubuta gargaɗin da Hausa, da boko da ajami, malaman gona kuma su riƙa shiga kasuwannin ƙauye kafin ruwan shuka ya sauka.