Tsadar Kayan Gyaran Vespa da Roba-Roba: Ina Gaskiya, Ina Ƙanzon Kurege?

Duk wanda ya ɗan zauna a rumfar bakanike ya ji irin wannan musu. Wani zai zaro waya ya nuna farashin kafireta ko fistan a wani shagon intanet na Indiya, ya mayar da kuɗin zuwa naira, sai ya tafa hannu ya ce, "Malam, ka ga yadda ake zaluntarmu!" Wani ya ce a Maraɗi ya fi araha. Na uku ya rantse cewa duk kayan daga masana'anta ɗaya suke fitowa, kwali ne kawai ya bambanta. A cikin waɗannan maganganu akwai tsaba, akwai tsakuwa. Bari mu sheƙe su ɗaya bayan ɗaya.

"Kayan sun fi araha a Indiya da China"

Wannan gaskiya ce, kuma dalilinta a fili yake: a can ake ƙera su. Kamfanin Piaggio na Italiya ne ya fito da Vespa a 1946, amma tun farkon shekarun 1960 kamfanin Bajaj ya fara ƙera ta a Indiya da izinin Piaggio, kafin ya fito da tasa mai suna Chetak a 1972. Daga baya kamfanin LML da ke birnin Kanpur ya yi haɗin gwiwa da Piaggio har zuwa 1999. Wannan dogon zama ya haifar da ɗimbin ƙananan masana'antu masu yin giya, kulaci, wayar birki da sauran tarkace. Haka abin yake a China, inda birnin Chongqing ya zama cibiyar ƙera babura, can ne gidan Lifan da Zongshen da Loncin.

Sai dai farashin da ke kan waya na wanda yake tsaye a bakin shagon ne. Kafin fistan ɗin ya iso Kano sai ya hau jirgin ruwa, a biya kuɗin kwantena da inshora, a biya kuɗin fito da na sauke kaya a tashar Apapa ko Onne, sannan ya hau tirela. Sau da yawa sai ya biya ta Nnewi a jihar Anambra, babbar kasuwar kayan babur ta Najeriya, kafin ya faɗo hannun mai sari, daga nan zuwa mai shago. Kowane hannu yana da nasa rabon. Wanda kuma ya yi odar abu guda ɗaya ta jirgin sama, yakan tarar kuɗin aike ya zarce kuɗin kayan.

"Duk abu ɗaya ne, kwali ne ya bambanta"

Rabin gaskiya ce, kuma rabin da ya rage shi ne mai haɗari. Gaskiya ne cewa kamfanonin babura ba su ƙera komai da kansu. Fulogi, taya, batir, bel da kafireta galibi wasu kamfanoni ne ke yi musu, kuma waɗannan kamfanoni kan sayar da irin kayan a kwalinsu da rangwame. Gaskiya ne kuma cewa ɗimbin ƙananan babura na China suna amfani da inji mai tsari ɗaya da ake kira GY6, wanda asalinsa na Honda ne, shi ya sa kayan wannan kan shiga wancan.

Amma kama da wane ba ta wane. Fistan biyu na iya zama girma ɗaya, su shiga rami ɗaya, alhali ƙarfen da aka narka aka yi su ya sha bamban. Masana'antu da dama suna yin kaya aji-aji, gwargwadon kuɗin da mai oda ya ajiye. Ɗan kasuwar da ya san masu sayensa farashi suke fara tambaya, ajin ƙasa zai yi oda. Saboda haka, idan an ce abu kaza ya fi araha a ƙasa kaza, tambayar farko ita ce: aji ɗaya ne? Akwai kuma jabu tsantsa, wanda ake buga wa tambarin wani. Fulogin NGK na cikin kayan da aka fi kwaikwayo a duniya, har kamfanin da kansa yana gargaɗin masu saye. Jabun birki kuwa ba aljihu kaɗai yake taɓawa ba, rai yake taɓawa.

"Na Italiya da Japan ne orijina, na Indiya da China jabu ne"

Ƙarya ce. Piaggio da kansa yana ƙera Vespa a garin Baramati na Indiya tun 2012, yana kuma da masana'anta a Vietnam. Honda tana ƙera babur ɗinta na Activa a Indiya tun 2001. Kamfanin da ke yin Haojue a China abokin haɗin gwiwar Suzuki ne. Abin da ya fito daga waɗannan masana'antu orijina ne, ko da kwalinsa ya ce Indiya ko China. Tsadar kaya a Turai tana da nata dalilan: albashin ma'aikaci, hayar shago, garanti, da harajin VAT wanda a Italiya ya kai kashi 22 cikin ɗari. Sunan ƙasa ba ya auna inganci. Sunan masana'anta da lambar kayan su ne ma'auni.

"A Nijar ba a biyan haraji, shi ya sa ya fi araha"

Nan ma babu gaskiya. Harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, na Nijar kuwa kashi 19 ne, na Kamaru 19.25. Kuɗin fito kuma tun 2015 ƙasashen ECOWAS suka fara aiki da tsari ɗaya mai hawa biyar, daga sifili zuwa kashi 35, ko da yake Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.

Abin da ya haifar da wannan zance shi ne tsohuwar hanyar kaya daga tashar Kwatano zuwa Gaya da Maraɗi, inda wasu kayan kan sulalo Najeriya ta ɓarauniyar hanya. Kayan fasa-ƙwauri kan yi araha don an kauce wa kwastan, ba don ƙasar ba ta karɓar haraji ba. Ita ma hanyar ta sauya. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 iyakar Nijar da Benin ta rufe, manyan motoci suka koma ɗauko kaya daga Lome su ratso Burkina Faso, hanya mai nisa da ke buƙatar rakiyar soja. Ga kuma batun kuɗi: sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ita kuwa naira tana hawa da sauka. Lokacin da naira ta faɗi, mai sefa ne ya riƙa ganin kasuwar Kano da Katsina da araha. Arahar iyaka ba ta da masauki ɗaya, tana bin canji ne.

"Haɗamar 'yan kasuwa ce kawai"

Akwai ƙamshin gaskiya, amma ba ita ce babban dalili ba. Kafin Yunin 2023 farashin dala a hukumance yana wajen naira 460. A farkon 2024 ya haura 1,500. A yi lissafi: abin dala goma da ya tashi a naira 4,600 ya koma 15,000 tun bai bar tashar China ba. Mai shago kuwa ba da kuɗin da ya sayo yake sa farashi ba, da kuɗin da zai sake sayowa yake sawa, in ba haka ba jarinsa ya narke.

Inda ƙorafin jama'a ya samu gindin zama shi ne idan dala ta sauka. Farashi kan hau a guje, ya sauko da rarrafe. Wani ɓangare na jinkirin tsohon kaya ne da aka sayo da tsada, wani ɓangaren kuma son riba ne, musamman inda mutum ɗaya ko biyu ne kaɗai ke shigo da kayan. Masu tsohuwar Vespa sun fi kowa shan wannan, domin an daina ƙera irinta, masu neman kayanta sun ragu, mai shagon da ya ajiye su shekara da shekaru kuma yana sane da cewa ba ka da wurin zuwa.

Hukunci

Bambancin farashi tsakanin ƙasashe gaskiya ne, amma tushensa huɗu ne: nisan hanya, haraji, canjin kuɗi da ajin kaya. Kafin ka ce an cuce ka, ka tabbata abu ɗaya kake kwatantawa. Ka duba lambar kayan, ka tambayi mai shago ajinsa, ka zagaya shago biyu ko uku, ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi. A madubi ko murfin gefe kana iya neman sauƙi. A birki, taya da kayan cikin inji kuwa, ka tuna araha ba ta ado.