DAGA LITTAFIN ZANE ZUWA JAMI'AR JAPAN

A wani gida da ke unguwar Agege cikin birnin Ikko akwai wani saurayi ɗan shekara 19 wanda ya gama sakandare da kyakkyawan sakamako, ya kuma ƙudura a ransa cewa shi ƙasar Japan za shi neman ilmi. Mahaifinsa, wanda ke fataucin shanu daga Arewa zuwa mayankar Oko-Oba, bai san Japan da kome ba illa motoci da babura da akwatin rediyo. Da ya binciki abin da ya cusa wa ɗansa wannan buri, sai ya tarar ashe waɗansu labarai ne na zane-zane da yaron ya ke raba dare yana karantawa a wayarsa, waɗanda mutanen Japan ke kira manga.

A ganin dattijon, zane wasan yara ne, kuma ba a sayar da sa don a bi wasa. Shi kuwa yaron yana ganin waɗannan labarai ne suka sa ya fara koyon wani harshe ba tare da kowa ya tilasta masa ba, abin da makaranta ba ta taɓa sa shi ya yi ba. Gardamar da ta kaure tsakaninsu ta shafi gidaje da yawa, domin malaman harshen Japan a ƙasashe dabam-dabam sun daɗe da lura cewa manga da majigin da a ke yi daga cikinsa suna cikin manyan abubuwan da ke kawo musu ɗalibai.

ASALIN MANGA

Kalmar manga tsohuwa ce. Wani shahararren mai zane, Hokusai, ya sa ta a kan littattafan zanensa da suka fara fitowa a shekarar 1814. Amma manga irin na yau ya kafu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da ƙasar ta ke cikin talauci, littafi mai araha kuma shi ne abin nishaɗin yara. Wanda a ke ɗauka uban wannan sana'a shi ne Osamu Tezuka, wanda aka haifa a 1928 ya rasu a 1989. Ilmin likita ya karanta, amma ya zaɓi alƙalami. Shi ne ya riƙa jera hotuna a shafi kamar yadda a ke jera su a majigi, wani daga nesa wani daga kusa, har mai karatu ya ji kamar abin motsi ya ke yi. Labarinsa na wani yaron ƙarfe mai suna Atom ya fara fitowa a 1952, aka kuma mai da shi majigin talabijin a 1963.

Yawancin labaran nan a mujallu su ke fara fitowa, babi ɗaya kowane mako, sa'an nan daga baya a tara babobin a buga su littafi. Mujallar Shonen Jump, wadda kamfanin Shueisha ya kafa a 1968, ta kai buga kwafi sama da miliyan 6 da rabi a mako guda a 1995. A cikinta ne Dragon Ball na Akira Toriyama ya fito daga 1984 zuwa 1995, da Naruto na Masashi Kishimoto daga 1999 zuwa 2014 cikin littattafai 72, da kuma One Piece na Eiichiro Oda wanda ya fara a 1997, wanda kwafinsa suka haura miliyan 500 a 2022.

Ba duka ne labarin faɗa da dariya ba. Keiji Nakazawa, wanda yana yaro ɗan shekara 6 aka jefa bam ɗin ƙare-dangi a garinsu Hiroshima ran 6 ga Agusta 1945, ya zana abin da ya gani da idonsa a labarin Hadashi no Gen, wanda ya fara fitowa a 1973. Akwai manga na likitanci, da na girki, da na tarihi, da na ma'aikatan ofis, kuma magidanta suna karanta su a jirgin ƙasa ba tare da jin kunya ba. Wannan shi ne abu na farko da ya sa mahaifin yaron ya ɗan sassauta.

HARSHEN DA KE CIKIN ZANE

Littafin manga daga dama a ke buɗe shi zuwa hagu, kamar yadda a ke karatun allo, saboda haka wannan bai ba yaron wuya ba. Wuyar tana ga rubutun kansa. Harshen Japan yana da jerin baƙaƙe iri biyu, hiragana da katakana, kowanne da haruffa 46, waɗanda mai himma kan haddace cikin 'yan makonni. Bayan su akwai kanji, watau alamomin da aka aro daga rubutun Sin, kowace alama da ma'anarta, kuma galibi da hanyar furtawa fiye da ɗaya. Jerin da gwamnatin Japan ta tsayar a 2010 don amfanin yau da kullum yana da alamomi 2,136. Ba mai iya karanta jarida ko littafin jami'a sai ya san mafi yawansu.

A nan manga yana da amfani na haƙiƙa. A labaran da a ke yi don samari, akan rubuta ƙananan haruffa a gefen kowace alamar kanji don nuna yadda a ke furta ta, kamar dai wasali a kan baƙi. Hoton kuma yana taimaka wa mai koyo ya gane abin da a ke nufi. Ta haka yaron nan ya tara ɗaruruwan kalmomi cikin shekara biyu, yana rubuta su a littafin rubutu na makaranta.

Amma a nan ɗin ne kuma tarkon ya ke. Jaruman manga suna magana ne irin ta 'yan tasha da mayaƙa. Sukan kira kansu da kalmar ore, su kira abokin magana omae, kalmomin da ba a faɗa wa babba. Ranar da yaron ya fara darasi da wata malama 'yar Japan ta intanet, da irin wannan harshe ya yi mata magana, yana tsammani ya burge. Malamar ta dakatar da shi, ta bayyana masa cewa abin da ya yi daidai ya ke da yaro ya tsaya a kan dattijo ya kira shi da sunansa na yanka. Mutanen Japan suna da wani salon magana na ladabi da su ke kira keigo, inda fi'ili kansa ke sauyawa gwargwadon girman wanda a ke yi wa magana, kuma da shi a ke magana da malami, da maigidan haya, da ma'aikacin banki. Dole yaron ya koma baya ya ɗauki littafin nahawu daga shafin farko.

Ma'aunin da a ke auna sanin harshen shi ne jarrabawar JLPT, wadda aka fara a 1984. Tun 2010 tana da matakai biyar, daga N5 na mai farawa zuwa N1 na gwani. Jami'o'in da ke koyarwa da harshen Japan galibi N2 ko N1 su ke nema, kuma da yawansu sukan ƙara da wata jarrabawar shiga jami'a ta baƙi mai suna EJU, wadda aka fara a 2002, a ke yin ta a watannin Yuni da Nuwamba.

ƘOFAR SHIGA DA KUƊIN HANYA

Japan tana son ɗalibai baƙi, domin haihuwa ta ragu a ƙasar kuma matasa suna ƙaranci. A 1983 Firayim Minista Nakasone ya sa burin samun ɗalibai baƙi 100,000, aka cim ma burin a 2003. A 2008 aka ɗaga shi zuwa 300,000, aka kuma haura wannan adadi a 2019. A 2023 gwamnati ta sake sa burin 400,000 kafin 2033.

Ga ɗan talaka, babbar ƙofa ita ce sukolashif na Ma'aikatar Ilmi ta Japan, wanda aka fi sani da MEXT, wanda ya ke gudana tun 1954. Ta ofishin jakadanci a ke nema, na Nijeriya kuwa yana Abuja, kuma ba a biyan ko kwabo don cika fam. Akan fitar da sanarwa wajen watan Afrilu, a tace takardu, a yi jarrabawar rubutu, sa'an nan a yi ganawar baki. Wanda ya yi nasara a matakin digiri na farko, wanda a ke so shekarunsa su kasance ƙasa da 25, akan biya masa kuɗin jirgi da na makaranta, a kuma ba shi kuɗin zama, wanda a sanarwar 2024 ya kama Yen 117,000 a wata. Shekarar farko a koyon harshe ta ke tafiya, a Jami'ar Nazarin Ƙasashen Waje ta Tokyo ko Jami'ar Osaka, kafin a shiga karatun digiri na shekara huɗu.

Abin lura shi ne, jarrabawar ba ta tambayar kowa labarin Naruto. Lissafi ne da Turanci da harshen Japan, mai neman fannin kimiyya kuma a ƙara masa da darussan kimiyya, guraben kuwa 'yan kaɗan ne. Yaron nan, wanda ya ajiye littafin lissafi tun ranar da ya gama sakandare, ya gane cewa nan ne rauninsa ya ke.

Wanda zai biya wa kansa kuwa sai ya shirya. Kuɗin karatu a yawancin jami'o'in gwamnati Yen 535,800 ne a shekara, ban da kuɗin shiga Yen 282,000, na masu zaman kansu kuma sun fi haka. Doka ta yarda ɗalibi baƙo ya yi aiki in ya sami izni, amma kada ya wuce awa 28 a mako lokacin karatu. Dillalan da ke gaya wa iyaye cewa yaro zai biya kuɗin makaranta da na ɗaki har ya aiko da saura daga wannan aiki, yaudara su ke yi. A 2019 hukuma ta gano cewa wata jami'a mai zaman kanta a Tokyo ta rasa inda ɗalibanta baƙi kimanin 1,600 suka shiga cikin shekara uku. Haka nan a watan Agusta 2025 labari ya bazu a Nijeriya cewa Japan za ta ba 'yan ƙasar nan biza ta musamman su zauna a garin Kisarazu. Gwamnatin Japan ta ƙaryata, kuma a watan Satumba hukumar JICA ta janye shirin zumuncin da ya jawo ruɗanin.

ZAMAN BAƘUNTA

Akwai kuma abin da littafin zane ba ya nunawa. Shekarar karatu a watan Afrilu ta ke farawa. Sanyin hunturu ya fi na Jos nesa ba kusa ba, ɗakuna ƙanana ne, ga girgizar ƙasa lokaci-lokaci. Agogon Japan yana gaba da namu da awa 8, saboda haka lokacin da ɗalibi ke jin kewar gida da safe, mutanen gida suna barci. Musulmi kuma sai ya koyi karanta abin da aka rubuta a jikin abinci, domin naman alade da wata giyar girki mai suna mirin suna shiga miya da yawa. Akwai masallatai, kamar na Kobe da aka gina a 1935 da babban masallacin Tokyo da aka sake ginawa a 2000, amma a ƙananan garuruwa ɗalibai sukan haɗu ne a ɗaki guda su yi Juma'a.

Duk da haka hanyar ba a toshe ta ke ba. Jami'ar Kyoto Seika, wadda a 2006 ta buɗe tsangayar manga ta farko a Japan, ta kuma haɗa hannu da birnin Kyoto wajen kafa gidan adana manga a wannan shekara, wani ɗan Afirka ta Yamma ne ya shugabance ta daga 2018 zuwa 2022. Shi ne Farfesa Oussouby Sacko, haifaffen Bamako ta ƙasar Mali, wanda ya isa Japan a 1991 ya yi digirin digirgir a fannin gine-gine a Jami'ar Kyoto. Shi ne haifaffen Afirka na farko da ya shugabanci jami'a a Japan, kuma abin da ya kai shi wannan matsayi fanni ne da ya riƙe da harshen da ya ƙware a kansa.

Da wannan misali ne wani malamin sakandare, aminin mahaifin yaron, ya sasanta tsakaninsu. An tsayar da shawara cewa ba za a sayar da dabba ko ɗaya a ba wani dillali ba. Yaron zai nemi sukolashif ta ofishin jakadanci a fannin injiniya, wanda ya fi ƙarfi a kai, zai kuma zauna jarrabawar shiga jami'a ta gida don kada a yi biyu babu. Mahaifin ya ɗauki nauyin kuɗin darasin harshe, da sharaɗin a ba lissafi awa biyu kowace safiya.

Yanzu yaron ya shiga haddar kanji na matakin N3. Da asuba bayan salla yakan zauna da littafin lissafi, da hantsi ya taya mahaifinsa rubuta lissafin ciniki a kara, sai bayan lisha ya buɗe manga, wanda yanzu da ƙamus a gefe ya ke karanta shi. Takardun shaidarsa da hotunan fasfo suna cikin ambulan a ƙarƙashin akwati, ana jiran watan Afrilu. Allah ya sa a dace.