Ƙananan Sanduna Masu Daidaita Mota

Darasinmu na yau a kan mota ne.

A ƙarƙashin mota akwai wani dogon ƙarfe a gicciye, daga hagu zuwa dama. Shi ke rage karkatar mota in an sha kwana. Ƙananan sanduna 2 ke riƙe da shi, ɗaya kusa da kowace ƙafa. Makanikai suna ce musu biyelet.

Gaɓar sandar tana da rufin kaucu mai riƙe giris. In ya tsage, rairayi ya shiga ya ci gaɓar. Sai ka riƙa jin ƙwas-ƙwas a hanya mai gargada. In sandar ta karye, mota mai lodi takan rinjaya a kwana, riƙonta ya yi wuya. Haɗari ke nan.

Ga abin yi. Tokare ƙafafun baya da dutse. Ɗaga na gaba duka 2. Kada ka dogara da kirik kaɗai, sa matokari mai ƙarfi. Girgiza sandar da hannu. In ta yi sako-sako, kwance ta sama da ƙasa, ka sa sabuwa. Canza hagu da dama tare, ka ɗaure su tam.

Sai darasi na gaba.