Kafin a Zargi Batir, a Duba Cajin Babur

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola da Jimeta kan haura digiri 40, makanikan babura kan sha ganin ciwo iri ɗaya: fitila ta dushe, oda ta shaƙe, sitata ta ƙi tashi. Nan da nan mai babur sai ya zargi batir, ya sayi sabo, bayan 'yan kwanaki shi ma ya mutu.

Sau da yawa ɓarnar tana wani wuri dabam. Koyil da ke cikin inji shi ke samar da wuta, rektifaya kuwa ita ke daidaita ta kafin ta shiga batir. Zafi da sakakkiyar waya su ke kashe ta. Idan ta ƙone, ko dai batir ya rasa caji, ko wuta ta yi masa yawa ya kumbura.

Gwajin ba wuya. Bakanike ya ɗora mita a kan batir, inji na aiki. Ƙarfin wuta bolt 13.5 zuwa 14.5 lafiya ke nan. In ya saɓa, a duba waya da koyil da rektifaya tukuna. Fitilar da ta mutu da dare a kan hanyar Numan, tsakanin manyan motoci, asararta ta wuce ta kuɗi.