Karin Kumallo a Kwano Ɗaya: Albarkar da Muke Bari Tana Wuce Mu

A gidaje da dama, da zarar gari ya waye sai gida ya kacame. Wannan na neman takalminsa, wancan na kukan ba a goge masa kayan makaranta ba, maigida kuwa ya fice bai sa komai a bakinsa ba, sai ya tsaya teburin mai shayi ya karya. Ke kuma sai hantsi ya dubi ludayi kafin ki tuna da cikinki. Haka ake kwashe watanni mata da miji ba su haɗa hannu a kwano ɗaya ba, sannan a zo ana mamakin yadda zama ya yi sanyi.

Cin abinci tare ba wajibi ba ne, domin aya ta 61 a Suratun Nur ta nuna babu laifi a ci a haɗe ko a rarrabe. Sai dai albarka ta fi yawa a haɗuwar. Abu Dawud ya ruwaito daga Wahshi bin Harb (RA) cewa wasu sahabbai sun kai wa Manzon Allah (SAW) kukan suna ci ba sa ƙoshi. Da ya ji kowa shi kaɗai yake ci, sai ya umarce su da su riƙa taruwa a kan abincinsu, su ambaci sunan Allah, za a sa musu albarka a ciki. A wannan zamani na tsadar cefane, wace ce a cikinmu ba ta buƙatar wannan magani?

Wata za ta ce ai ita kunya ba za ta bar ta ta ci abinci a gaban maigida ba. Gaskiya ne mun taso mun ga ana kai wa maigida nasa kwanon turaka ko zaure, uwar gida kuma ta ci nata a madafi. Kunya ado ce ga mace, amma ba mu fi Nana A'isha (RA) kunya ba. Muslim ya ruwaito ta tana ba da labarin yadda takan sha ruwa ta miƙa wa Annabi (SAW), shi kuma ya sa bakinsa daidai inda ta sa nata. Haka nan a hadisin Sa'ad bin Abi Waƙƙas (RA) da ke cikin Buhari da Muslim, an nuna miji yana da lada hatta a kan lomar da ya sa wa matarsa a baki, muddin ya nufi yardar Allah.

To me ya sa muka zaɓi safiya? Da rana kowa yana wajen nema, da dare kuma an dawo a gajiye, yara sun yi barci. Da safe ne zuciya take a sanyaye, ga shi Annabi (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito daga Sakhr Al-Gamidi (RA). Ko da an kwana da ɗan saɓani, da wuya ki miƙa wa maigida kofin koko ya karɓa ba tare da an yi magana ba. Daga "sannu da aiki" sai fushi ya fara narkewa, ya fita nema da fararen zuciya.

Tabarmar karin kumallo makaranta ce ga yara. A bakin akushi ne Annabi (SAW) ya koya wa agolansa Umar bin Abi Salama (RA) yin Bismillah, da ci da hannun dama, da cin abin da ke gabansa. A nan ne uba zai san wanda ya makara sallar Asuba, ke kuma ki biya wa ƙanana addu'ar fita daga gida.

Abin ba ya buƙatar kuɗi, shiri yake so. Tun da dare ki tace gasararki, ki surfa waken ƙosai, ki haɗa wa yara kayan makaranta. Ɗumamen tuwo da miyar kuka ma ya wadatar in dai tare za a ci. Minti 15 sun isa, da sharaɗin kowa ya ajiye waya. Ki guji kawo ƙorafi ko lissafin kuɗin cefane a wannan zama, ki nema musu wani lokacin. Idan aikin maigida na fitar duku-duku ne, ku ware ranar da yake hutu, ko ku haɗu a sahur ɗin azumin Litinin da Alhamis. Mai abokiyar zama kuma ta tsaya a ranar girkinta, shi ma maigida ya yi adalci, abin da ya yi a wannan ɗaki ya yi a wancan.

Maigida, kai ma da naka. Nana A'isha ta shaida cewa Annabi (SAW) yakan taya iyalinsa hidimar gida, kamar yadda Buhari ya kawo. Shimfiɗa tabarma ko riƙe jariri kafin a sauke tukunya ba zai rage maka girma ba.

'Yar uwa, ki jarraba daga gobe, ki fara da niyya mai kyau. Allah Ya sa albarka a abincinmu, Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, Ya shirya mana zuriya, amin.